Jirgin da Ya Ɗauki Garinmu

Innarmu tana da wata doka da duk unguwa ta sani: wanda ya ɗauka shi ke mayarwa. In maƙwabciya ta aiko 'yarta aron rariya, to 'yar ce za ta dawo da ita, ba ƙanwarta ba, ba kuma a ce an ba wani ya biyo da ita ba. Ni kaina na sha ranƙwashi a kan dokar nan. Na taɓa ɗaukar lauje na bar wa yayana ya dawo da shi daga gona, ta sa na karɓa a hannunsa, na koma har bakin gonar, na sake shigowa da shi da ƙafata. Mutane suna yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta. Cewa take a tsakanin hannu biyu abu yake ɓata.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da Yaya, a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Roni. Bayan gidanmu akwai falalen dutse mai faɗi inda ake shanya, in ka hau kana hango hanyar Gwiwa. Yaya ɗan fari ne, don haka ban tashi na ji sunansa a bakinta ba. Al'ada ce, kowa yana yi, amma Inna ta kai ta inda ba a kaiwa. In ta zuba masa tuwo ni take miƙa wa, ta ce, "Kai wa mutumin naku." In ya kwanta zazzaɓi ba ta tambaya, sai dai a ga jiƙo a ƙofar ɗakinsa, ba a san wanda ya ajiye ba. Farar rigarsa ta saƙi ma ita ta kaɗa zaren da hannunta, damina guda, amma ta hannun Baffa, ƙanen mahaifinmu, aka ba shi, don kada a ce.

Da yaƙin basasa ya tashi, Yaya yana cikin samarin da suka tafi Kano aka ɗauke su soja. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Ranar tafiyar Yaya ya durƙusa a tsakar gida yana sallama, Inna tana daka. Ba ta ɗago ba. "Allah ya tsare," ta ce, kuma turmin take kallo.

Wasiƙa uku muka samu. Ta biyun ce ta ja mana abin da zan ba da labari. Lokacin ina makarantar horon malamai, na zo hutu, na karanta wa Baffa a tsakar gida, Inna tana gefe da mazarinta ta ba mu baya. Yaya ya rubuto cewa an ɗauke su a jirgin sama. Ba kujeru, benci ne a jikin bango, suna fuskantar juna, ga ƙara kamar ana niƙa a cikin kunne. Ya ce ya leƙa ta taga yana neman duwatsunmu, amma daga sama duk gari ɗaya ne. Sai ya rufe da irin barkwancinsa: "In ta sama za a dawo da mu, ku shimfiɗa min farar rigata a kan falalen bayan gida, in gane, in ce wa direba a nan zan sauka." Ni da Baffa muka yi ta dariya, don jirgin kudu ya nufa, duwatsunmu suna can bayansa. Na lura mazarin Inna ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Bayan wasiƙa ta uku shiru. Aka gama yaƙi, waɗanda za su dawo suka dawo, wani da sanda, wani da rediyo. Na je bariki a Kano, aka tura ni Kaduna, wani akawu ya bi takardu da yatsa ya ce ba ya cikin matattu, ba ya kuma cikin waɗanda aka sallama. Ba a san inda yake ba, shi ke nan. Baffa ya haƙura shekara biyu, sannan ya zo ya ce ya kamata a yi sadaka, a fitar da rai. Inna ta ce, "Ban ga abin da za a yi wa sadaka ba." Daga wannan ba ta ƙara ba, ba ta kuma taɓa tambayata yadda muka yi da mutanen bariki ba. Sai dai duk ranar da na dawo daga tafiya, tana kallon bayana kafin ta kalle ni.

Shekara biyar da tafiyar Yaya, ina koyarwa a firamaren garinmu. Kuɗin man fetur ya fara shigowa, ko'ina maganar dam ake yi da kwalta. Ni kuwa ina da keke, ina da agogon hannu, ina da Turancin da nake ganin ko Gwamna sai ya saurara. Girman kai dai na malamin ƙauye, wanda ya san shi ya san shi.

Bayan ɗaukewar ruwa, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai ga jif daga Kazaure da yaron hakimi a gaba. Ta kawo wani safiyo, mai awon ƙasa, mutumin kudu, Kirista, gajere mai hular hana-salla, Hausarsa ba ta wuce sannu da aiki ba. Dagaci ya aiko a kira ni tafinta. Na bar aji na zo ina taku ɗai-ɗai, na tarar ƙofar gidan ta cika. Safiyo ya yi bayaninsa, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ya ce nan da mako biyu jirgin sama zai zo ya ɗauki garin nan gaba ɗaya. Gidaje, gonaki, rijiyoyi, har maƙabarta, ba abin da zai bari."

Liman ya fara salati a hankali. Wani tsoho daga baya ya ce, "Malam, ya kai mu ina?"

Dagaci ya shafa gemu ya ce, "To dawar tamu fa? Ko za a bari mu girbe?"

Sai a lokacin na gane kalma ɗaya ta faɗi a hanya. "Hoto!" na ce. "Hoton garin zai ɗauka daga sama, a yi taswira!" Aka kwashe da dariya, har yaron hakimi yana dukan cinya. Safiyo yana ta kallonmu bai san me ya faru ba. Har yau tsofaffin da suka rage, in sun gan ni, sai su ce, "Malam, yaushe za a ɗauke mu?"

Da dariya ta lafa, Dagaci ya tambaya ko irin jirgin alhazai ne. Safiyo ya ce ina, wannan tsoho ne, ya ma girme ni mai fassarar. An ƙera shi ne don babban yaƙin Turawa, ya yi ta sauya hannu har ya zo wa sojojinmu. A yaƙinmu shi ya riƙa kwasar sojoji daga Kano zuwa bakin daga, ya dawo da masu rauni. Da aka gama sai aka sayar wa wani kamfani, suka shafe koren fentin da fari, suka cire bencinan, suka huda cikinsa suka kafa na'urar hoto tana kallon ƙasa. Ni da na riga na sha kunya, wannan karon kalma-kalma na fassara, ban bar ko ɗaya ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin in turo kekena gida, labari ya riga ni ta bakin rijiya, kuma hoton ya sake faɗuwa a hanya. Abin da ya iso kunnen Inna shi ne, jirgin da ya ɗauki sojoji yana zuwa garin nan. Na same ta a ɗaki ta buɗe adudu, farar rigar tana kan cinyarta.

"Inna, hoto zai ɗauka."

"Na ji."

"Ba mutane a ciki. Ko sauka ba zai yi ba."

"Shi ne ya ɗauki mutumin naku, ko ba shi ba ne?"

"Irinsa da yawa, Inna."

"To," ta ce, tana warware hannun rigar. "Wanda ya ɗauka dai shi ke mayarwa."

Washegari ta wanke ta da sabulun salo, ta sa bula, ta shanya a cikin gida inda ba mai gani.

Safiyo ya kafa tantinsa a bakin gari, ya ɗauki leburori suna shafa farar ƙasa a kan duwatsu. Alamar farko da suka yi gicciye ce, ƙatuwa, a kan dutsen gabas. Liman ya riƙa yin tari duk sanda ya wuce tantin. Safiyo mutum ne mai hankali, ya sa aka goge ƙafa ɗaya aka karkata sauran, ta koma sawun kaza, tarin Liman ya warke. Inna ta hango alamar daga ƙofar gida ta tambaye ni amfaninta. Ni da bakina na ce don na sama ya gane inda yake. "Ashe fari yake nema," ta ce.

Na taɓa tambayar safiyo, muna zaune a inuwar jif, ko zai yiwu a san wane jirgi ne ya ɗauki wane soja. Ya ce ba hali, uku ne ko huɗu irinsa. Ya tambaye ni dalili, na gaya masa. Ya cire hularsa ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce shi ma ƙanensa bai dawo ba. Bai ce daga wane ɓangare ba, ni ma ban tambaya ba. Shi ya gaya min kwana uku jirgin zai yi yana zuwa da hantsi, yana bin layi daga gabas yana matsowa yamma, kuma layin garinmu sai rana ta uku.

Ranar farko ƙarar muka fara ji. Kafin in ce kowa ya zauna, ajin ya watse ta ƙofa da taga. Can gabas, wajen Kazaure, ga shi fari da jan layi a wutsiya, farfela biyu, yana tafiya a hankali. Ya miƙa arewa har ya kusa ɓacewa wajen Babura, ya juyo, ya dawo kusa da inda ya bi, kamar mai huɗa a gona. Ina cikin kallo idona ya faɗa kan falalenmu. Rigar tana shimfiɗe, an baje hannuwanta, an danne kusurwoyi da duwatsu huɗu. Inna tana ƙasa a gindin tsamiya tana ɓare gyaɗa, kamar ba ta san wanda ya yi ba.

Garin duka ya gani. Bayan la'asar, muna fitowa daga masallaci, wani ya ce, "Allah sarki." Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a riƙa lura da tsohuwa, ka san irin abin nan a hankali yake farawa." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni malami guda, mai koya wa 'ya'yansu cewa duniya a kewaye take, a ce uwata ta taɓu tana yi wa jirgi shanya. Zan so in ce tausayinta ne ya dame ni, amma ba shi ba ne. Kunyar kaina nake ji.

Rana ta biyu ta sake shimfiɗawa. Jirgin ya matso, har ana ganin tagoginsa. Yana wucewa na riga ta hawa dutsen, na naɗe rigar, na kai makaranta na kulle a kabad tare da alli da rajista. Na dawo na same ta tana hura wuta.

"Safiyo ya hana," na ce. "Ya ce fari yana rikita musu aiki, hukuma tana iya kama mutum."

Safiyo bai hana komai ba, bawan Allah. Ni na ƙirƙira.

Ta ɗago ta dube ni. "Shi ya ɗauka?"

"Ni na ɗauka."

"To."

Wannan "to" ɗin ce ta tunzura ni. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shekara biyar, Inna! Na ce mutum ya mutu, a bar shi ya huta, a yi masa sadaka kamar kowane Musulmi. Na ce ba kowa a jirgin nan sai Turawa biyu da gilashi, kin sa ana nuna mu da baki a gari. Na yi ta yi har numfashina ya ƙare. Ta gyara itace a murhu.

"Ka gama?" ta ce. "Tuwonka yana nan a rufe."

Rana ta uku na shiga aji da makullin kabad a aljihu. Na sa yara karatun sau biyu sau uku da ƙarfi, wai don kada in ji komai. Amma ƙarar ranar daban take, ta cikin ƙasa take zuwa, kwanon rufi yana amsawa. Na sa hannu a aljihu na riƙe makullin. Taku uku ne tsakanina da kabad ɗin, kuma Allah ya sani na so in yi su. Na tuna idon mutanen masallaci, na fita hannu banza. Daga filin makaranta na hango mutum a tsaye a kan falalenmu, sai na hau keke.

Na iso gindin tsamiya daidai jirgin ya ɓullo ta kan dutsen kudu, ƙasa-ƙasa, cikinsa da baƙin rami a tsakiya. Inna ce a kan dutsen. Matar da ban taɓa ganin ta fita ƙofar gida ba lulluɓi ba, ta cire farin mayafinta, ta kama gefe biyu, ta ɗaga shi sama iyakar tsawon hannunta, iska tana kaɗa shi. Maza suna gonakin kusa, ba ta dubi kowa ba. Sai na ji ta kira shi. Ba mutumin naku ba, sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa ranar suna. Sau uku ta kira, irin kiran da ake yi wa yaro ya yi nisa a gona. Na ukun ƙarar jirgin ta cinye, bakinta kawai na gani. Sau ɗaya ke nan a duniya na ji sunan a bakinta, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Inuwar jirgin ta bi ta kanta ta wuce. Ya miƙa arewa, ya juyo, ya dawo ta can yamma wajen Gwiwa, ya ƙanƙance. Ta tsaya da mayafin a sama har aka daina jin sa. Sannan ta yafa abinta ta sauko da baya-baya, tana dafa dutse. Na miƙa mata hannu, ba ta gani ba, ko ta gani ban sani ba. Da ta zo wucewa ta gabana ta yi magana, ba da ni take ba.

"Bai gane ba," ta ce. "Mayafi ai kowa yana da shi."

Bayan mako guda ta aika aka kira Baffa, ta ce a yi sadakar. Ita ta daka gumbar da kanta. Mutane suka yi ta yaba min, wai na yi ƙoƙari na fahimtar da tsohuwa, ilimi dai ba ƙarya ba ne. Ina amsawa da kai kawai.

Rigar ta yi zango guda a kabad, daga nan na mayar da ita akwatina. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Ta san wanda ya ɗauka, dokarta kuwa ba ta bin mutum, jira take. Kullum ina cewa gobe. Mayarwa tana nufin in durƙusa in ce safiyo bai hana ba, ni kuwa bakina ya ƙi. Shekara uku ina gobe, har ta kwanta ciwon kwana shida ta tafi. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Duk sanda mai hoto ya zo gari da salla, cewa take ita ba ta son a ɗauke ta. Daga baya kwalta ta biyo ta nesa da mu, gari ya tashi gida-gida ya koma bakin titi. Damina biyar ta isa ta narkar da ginin ƙasa, inda gidanmu yake ya zama gonar gyaɗa.

Jirgin na sake ganinsa sau ɗaya. Mun je rakiyar alhazai filin jirgin Kano, na hango shi can ƙarshen fili cikin ciyawa, zaune a kan wutsiya, hanci sama, farfela ɗaya babu. Jan layin ne ya sa na gane shi. Wani tsohon maigadi ya bar ni na matsa, ya kuma ba ni sauran labarinsa. Ya ce da aka gama aikin taswira ya koma dakon nama zuwa kudu, ya dawo da jaridu, ya ɗauki 'yan tsaki, ya ɗauki ƙarafan masu haƙar mai, har kayan gyaransa suka ƙare a duniya aka turo shi nan. Inda farin fenti ya ɓare, koren soja yana leƙowa. Na shiga. Ciyawa ta fito ta ramin cikinsa, ga ramukan kusoshin benci a jere a jikin bango. Na zauna a ƙasa na jingina, na leƙa ta taga. Tagar ƙarama ce ƙwarai, ban san yadda Yaya ya yi tsammanin zai ga gida ta nan ba. Da na koma wata shekarar babu shi, an ce masu zubin tukwane sun saye.

Ina ofishin ilimi a Kazaure, gashi ya fara fari, rigimar iyakar filin wata makaranta ta kai ni ofishin safiyo a Kano. Wani tsohon akawu ya jawo durowa cike da hotuna masu kusurwa huɗu, baƙi da fari, duk na ƙasarmu. Ya jera biyu gefe da gefe, ya ɗora wani gilashi mai ido biyu a kai, ya ce in leƙa. Da farko toka-toka na gani. Can sai duwatsu suka taso, itatuwa suka miƙe, har na ja da baya. Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi.

Na ce masa akwai wani ƙauye da nake so in duba kafin mu zo kan makarantar. Muka bi layi-layi har na ga sawun kaza a kan dutsen gabas. Daga nan ban nemi taimako ba. Ga masallaci, ga rijiya da hanyoyi biyar da suka haɗu a bakinta, ga makaranta da ɗigo-ɗigon yara a fili. Ga gidanmu, rumbu biyu, rumfar jaki, ɗakin Yaya da rufinsa ya ɗan karkace. Ga tsamiya. A kan falalen dutse kuma ga wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba, da 'yar inuwa a gefensa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Gilashin ya riƙa yin hazo ina gogewa da hannun riga. Na yi kewar Inna a wurin irin kewar da ban yi ba ranar da muka binne ta. Ba fuska, ba hannu, amma na san tsayuwar, na san kuma abin da bakinta yake faɗa a daidai lokacin.

"Malam, ka samu iyakar?" in ji akawu.

Na ce na samu.

Na roƙe shi, ya sa aka wanko min guda. Yana rataye a ɗakina. Ba tare da gilashin ba ba a ganin komai, jikokina suna cewa datti ne a jikin takardar, har wata ta taɓa sa farce za ta kankare. Wani lokaci ina kallonsa in yi dariya ni kaɗai, don ashe fassarar da aka yi shekaru ana yi min tsiya a kanta daidai take. Jirgin ya ɗauki garin gaba ɗaya, bai bar komai ba, har da matar da ba ta son a ɗauke ta. Bai dai maido mana Yaya ba, amma ita ya maido min da ita.

Saura ni. Rigar tana nan, zaren Inna bai ko saki ba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, dawa ta sunkuya, sai in hau babur a kai ni tsohon gari. Mutanen gidana sun ɗauka shanya nake kai ta saboda asu, na bar su a haka. Ina hawa falalen da rarrafe yanzu. In baje hannuwanta, in danne kusurwoyi da duwatsu huɗu, in sauko gindin tsamiya in zauna. Jiragen yanzu can ƙololuwa suke bi, ko ƙararsu ba a ji sosai. In azahar ta yi sai in hau in naɗe ta, in rungumo ta mu koma gida. Ni na ɗauka, kuma har yau ban sami wanda zan mayar wa ba.